Yadda Ake Tattaki a Kewayen Brighton: Daga Kurmi Zuwa Tudu Har Gaɓar Teku

Yawancin masu zuwa Brighton iyakarsu bakin ruwan cikin gari. Su sauko daga jirgin Landan bayan tafiyar awa guda, su gangara su zauna a kan tsakuwa, su ɗauki hoto, yamma ta yi su koma. Har cikin mazauna garin akwai waɗanda suka shekara biyar ba su taɓa taka tuddan da ke bayan unguwarsu ba. Ni kaina sai da wata Asabar na hau saman bas na nufi gabas, na hango fararen bangayen dutse tsaye ƙiƙam daga cikin teku, ga mutane can a bisansu kamar jerin tururuwa, sannan na san akwai abin da yake wuce ni.

Garin yana gaɓar kudancin Ingila, teku a gabansa, jerin tuddan alli da ake kira South Downs a bayansa, waɗanda aka ayyana a matsayin gandun ƙasa a 2010. Ke nan mai tafiyar ƙafa yana da ƙasa iri uku a kusa da shi: kurmi, buɗaɗɗen tudu da wuraren shaƙatawa na karkara, sai gaɓar teku. Kowanne da halinsa. Kurmi ɓatar da mutum yake yi, tudu gajiyar da shi yake, teku kuwa ba ya jin ban haƙuri. Shi ya sa nake so ka bi su a jere haka, cikin fita uku ko huɗu, kada ka fara da babbar.

Mataki na farko: shirya dawowa kafin ka shirya fita

Ɗauki takarda ka rubuta abu uku tun ana gobe za ka fita. Ƙarfe nawa rana za ta faɗi? Ƙarfe nawa bas ko jirgin da zai mayar da kai gida zai tashi? Yaushe teku zai cika, idan hanyarka ta taɓa bakin ruwa? Daga waɗannan ukun ake ƙirgowa baya har a gano lokacin barin gida.

Maganar rana ba ƙarama ba ce a Ingila. A ƙarshen Yuni sai bayan tara na dare take faɗuwa, a Disamba kuwa kafin huɗu na yamma ta tafi, kuma a cikin kurmi duhu yana riga nan zuwa. Hanyar da ka bi cikin nishaɗi a Yuli za ta iya kai ka dare a Nuwamba ba tare da ka ƙara taku ɗaya ba.

Don sanin tsawon lokacin tafiya akwai wani tsohon lissafi da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa guda ga kowane kilomita biyar, sannan ƙarin awa guda ga kowane mita 600 na hawa. Tafiyar kilomita 10 mai hawan mita 300 ta tashi awa biyu da rabi ke nan. Amma wannan lissafin mai ƙarfi ne wanda ba ya tsayawa. Kai ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku saboda hutu da cin abinci da kallo, in da yara kuwa ka ninka.

Sai yanayi. Duba hasashen Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, da safen ranar, kuma kada idonka ya tsaya a kan ruwan sama kaɗai. Ƙarfin iska za ka duba, musamman bugunta na bazata. Ƙa'idata ita ce idan an yi hasashen bugun da ya kai mil 40 a awa, ba na hawa saman gaɓar teku ranar, na koma kurmi. A wannan yanki iska ta fi zuwa daga kudu maso yamma, don haka ka tsara tafiyarka daga yamma zuwa gabas, ta riƙa tura ka ta baya maimakon ku yi ta kokawa da ita wuni guda.

Abu na ƙarshe, ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin da zai sa ran ganinka.

Mataki na biyu: koyi karatun hanya

A Ingila ba ko'ina ake ratsawa ba. Yawancin gonaki da makiyaya na masu su ne, sai dai doka ta bar wa jama'a wasu hanyoyi da ke bi ta cikinsu, kuma mai gona ba shi da ikon toshe su. Ana gane su da kibiya a jikin turke ko ƙyaure. Rawaya ta masu ƙafa ce kaɗai. Shuɗiya ta masu ƙafa da mahaya doki da masu keke. Ja kuwa har mota tana iya bi. Idan ka ga hoton wani ɗan itace mai kama da ƙwai zaune cikin ƙoƙo, to kana kan babbar hanyar tattaki ta ƙasa, a nan kuma South Downs Way ce, mai tsawon kilomita 160 daga Winchester zuwa Eastbourne.

Samu taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, mai bangon ruwan lemo. Mai lamba OL11 ta ɗauki Brighton da kewaye, OL25 ta ɗauki Eastbourne da gaɓar da ke yamma da shi. A kanta santimita huɗu kilomita guda ne, hanyoyin jama'a kuma korayen ɗigo ne. Ka kula da siraran layukan da ke nuna tsayin ƙasa: inda suka matsu da juna hawa ne mai tsauri, inda suka warwatsu shimfiɗa ce. In a waya za ka riƙe taswirar, sauke ta tun a gida, domin a cikin kwari sabis yakan ɗauke.

Mataki na uku: kaya

Takalmi ne gaba da komai. Ƙasar nan alli ce da laka, in ta jiƙe santsinta kamar an zuba sabulu. Nemi mai kaushin tafi, wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi a doguwar tafiya bororo yake haifarwa. Safa mai kauri, ba ta auduga ba, da wata a jaka. Riguna kuwa gara sirara biyu ko uku da za ka riƙa cirewa da mayarwa, da babba guda mai nauyi. A sama da su rigar ruwa, ko da ka fito gari garau.

Ruwan sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga mutum guda. Ba a samun rafi a saman tuddan nan, saboda alli yana shanye ruwan sama ya wuce da shi ƙasa. 'Yan tafkunan da za ka gani zagayayyu, mutane ne suka haƙa su don tumaki, ba na sha ba ne. Ƙara da guzuri, tocila, fawa bank, filasta, ɗan hantsaki, da leda ta kwaso shararka. Idan salla za ta riske ka a hanya, alƙibla daga wannan yanki tana kudu maso gabas.

Mataki na huɗu: fitar farko, kurmin Stanmer

Hau jirgi daga tashar Brighton ka sauka a Falmer, tafiyar kimanin minti goma. Ka bi ta ƙarƙashin babban titi wajen Jami'ar Sussex, ka karkata hagu, ka shiga Stanmer Park. Tsohon gidan masu hannu da shuni ne, iyalan Pelham, waɗanda suka gina babban gidan a shekarun 1720. Hukumar garin ta saye wurin a 1947, yanzu kowa na shiga kyauta. A tsakiya akwai ɗan ƙauye da coci da tafki, a gefe kuma kurmin da ake kira Great Wood ya hau tudu.

Zagayen kilomita biyar zuwa shida ya isa a rana ta farko. Ba nisa ka zo nema ba, ido ka zo horarwa. Cikin kurmi hanyoyi sun fi na taswira yawa, domin masu keke da masu yawo da karnuka sun fitar da nasu. Na taɓa tsayawa a wata mararraba a can, hanya uku a gabana, kowace ganye ya rufe ta, kowace ta yi kama da 'yar'uwarta, rana kuma ta ɓuya a gajimare. Abin da ya fid da ni shi ne na tuna tun da na shigo gangaren yana hannuna na dama, gidan kuma yana ƙasan gangaren. Tun daga ranar nake yin abu biyu a kowace mararraba: in waiwaya in ga yadda wurin zai kasance idan ina dawowa, sannan in lura da inda ƙasa ta karkata. Bishiyoyi suna kama da juna, gangare kuwa ba ya sauya wuri.

Za ka ga manyan kututture kwance sun ruɓe, gansakuka ta lulluɓe su, da matasan itatuwa masu kai ɗaya a kewaye. Guguwar Oktoban 1987 ta kayar da itatuwa masu ɗimbin yawa a nan cikin dare guda. Wannan ma darasi ne: ranar iska mai tsanani sosai, kurmin kansa ba mafaka ba ne, reshe na iya faɗowa. In ka zo ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu za ka tarar ƙasan kurmin ya zama shuɗi fes da wasu furanni masu kama da 'yan ƙararrawa. Kada ka taka su don neman hoto, suna shekaru kafin su farfaɗo, kuma doka ta hana tono su. Akwai kuma wani ganye mai baki kamar zarto a gefen hanyoyi, in ya taɓa fata sai zafi da ƙaiƙayi. Dogon wando ya raba ka da shi.

Mataki na biyar: fita ta biyu, saman tudu

Daga Stanmer ɗin, idan ka ci gaba da hawa arewa kimanin kilomita biyar, za ka fito Ditchling Beacon, mita 248, wuri mafi tsayi a gundumar East Sussex. A da a kan kunna wuta a ƙololuwarsa don gargaɗin mutane idan maƙiya sun doso ta teku. Daga nan ka kama South Downs Way zuwa yamma, ka wuce injinan niƙa biyu masu aiki da iska da ake kira Jack da Jill, har Devil's Dyke, wani busasshen kwari mai zurfin kusan mita 100. Tsakanin wuraren biyu kusan kilomita goma ne. Bas mai lamba 79 tana zuwa Ditchling Beacon, mai lamba 77 tana zuwa Devil's Dyke, sai dai ba kullum suke aiki a kowane lokaci na shekara ba. Tabbatar tun kafin ka fito. Wannan ita ce ranar da za ka ci iska a fuska tun da yamma ka nufa, in ta yi ƙarfi sai ka juya tsarin ka faro daga Devil's Dyke.

A nan za ka haɗu da dabbobi. Ƙyauren da ka tarar a rufe, rufe shi bayanka. Wanda ka tarar a buɗe, bar shi yadda yake, mai gona ya san dalilinsa. Tumaki ba ruwansu da kai. Shanu ne abin kula, musamman saniya mai ɗan maraƙi: kada ka shiga tsakaninsu, ka kewaye garken da tazara, ba gudu ba ihu. Mai kare ya riƙe shi da igiya, amma idan shanu suka taso masa ya saki igiyar, karen ya fi shi gudu.

Hazo yakan taso daga teku ya rufe tudun cikin 'yan mintuna. In haka ta faru, kama shinge ko hanyar da ta fito sarai ka bi, kada ka yanke ta cikin fili.

Mataki na shida: koyi agogon teku

Nan nake so ka ba ni hankalinka, don wannan ne abin da baƙi suka fi rainawa.

Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kusan kowace rana. Daga janyewa zuwa cika awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin. Wata ne ke jan ruwan. Duk mai bin lissafin watan sama ya riga ya san rabin karatun: kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan ya cika a sha huɗu, a nan teku ya fi tumbatsa kuma ya fi janyewa nesa. A irin waɗannan ranaku, bambancin tsayin ruwa a wannan gaɓa yakan kai kimanin mita shida. Tsayin gidan sama ke nan.

Kuma ruwan ba da gudu ɗaya yake dawowa ba. Awa ta farko sannu yake tahowa har ka ɗauka bai motsa ba. A awa ta uku da ta huɗu kuwa rabin ruwan gaba ɗaya yake shigowa. Ga shi ba lallai ta gabanka zai zo ba. Yakan zagaya ta kwaroron duwatsu ya cike bayanka, kana can kana kallon ƙananan kifaye a rami, ka waiwaya ka ga hanyar da ka biyo ta zama ruwa, bayanka kuma bango ne da ba ya hawuwa.

Ga yadda za ka yi. Nemi jadawalin cikar teku na wurin da za ka, ba na wani gari ba, na ranar da za ka. Duba ko an rubuta shi da agogon bazara ko na hunturu, domin daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana tura agogon Birtaniya gaba da awa guda, wasu jadawalin kuma ba sa gyarawa. Sauka bakin ruwa lokacin da yake janyewa, awa biyu kafin ya kai ƙarshe. Da ya juyo, kai ma ka juyo. Kuma kada ka yi nisa da matakalar da ka sauko ta kanta.

Makarantar wannan darasi tana cikin gari. Akwai hanyar kankare da ake kira Undercliff Walk, an gina ta a farkon shekarun 1930 don kare gindin gaɓar daga cin ruwa. Ta tashi daga Brighton Marina zuwa Saltdean, kusan kilomita biyar, shimfiɗe take, ko keken guragu yana bi. Akwai wuraren haurowa a Ovingdean da Rottingdean. Je ka bi ta sau biyu, ranar da ruwa ya janye da ranar da ya cika, ka ga bambancin da idonka. Na taɓa tsayawa can da safe bayan daren guguwa, na tarar da duwatsu masu girman dunƙulen hannu warwatse a kan kankaren, har gindin bangon alli. Igiyar ruwa ce ta jefo su ta saman katanga. In iska da cikar teku suka haɗu, bar hanyar nan ka bi ta sama.

Mataki na bakwai: babbar rana, Seaford zuwa Eastbourne

Tafiyar kimanin kilomita 21 ce, ka ware mata awa bakwai, kuma ka bari sai tsakanin Afrilu da Satumba lokacin da yini ke da tsawo. Hau jirgin safe zuwa Seaford ta Lewes. Daga tasha ka gangara bakin ruwa, ka juya gabas, ka hau Seaford Head. Bayan ka gangaro ɗaya gefen za ka iso wasu tsofaffin gidajen masu gadin gaɓa, kuma daga nan ne ake ganin Seven Sisters gaba ɗaya, wato 'yan'uwa mata bakwai, fararen tuddan alli a jere. Tsaya ka more, domin da ka hau kansu ba za ka ƙara ganinsu haka ba.

A ƙasa kogin Cuckmere ya shiga teku, kuma babu gada a bakinsa. Za ka ga wasu sun tuɓe takalma suna ratsawa. Kada ka bi su. Ruwan yana da ja, ƙasansa duwatsu ne masu motsi, zurfinsa kuma yana sauyawa da cikar teku. Bi gefen kogin zuwa ciki har gadar Exceat, ka kula da motoci a wurin, ka tsallaka ka dawo ta ɗaya gefen. Ƙarin kusan awa guda ne, kuma tana cikin lissafin da na ba ka.

Ka shigo Seven Sisters Country Park ke nan. Irin waɗannan wurare dokar 1968 ce ta samar da su, don mutanen birni su sami karkara kusa da su. Wannan ya kai hekta 280, kuma tun 2021 yana hannun hukumar gandun South Downs. Shiga kyauta ne, mai mota ne kaɗai zai biya kuɗin ajiye ta. Akwai banɗaki da wurin samun abin sha a Exceat. Cika gorarka a nan, babu wani sai Birling Gap.

Wanda bai shirya wa kilomita 21 ba, ga sauƙi. Hau bas mai lamba 12 daga Brighton, tafiyar kusan awa guda, ka sauka a Exceat ka faro daga nan. In kuma ka iso ka tarar iska ta fi ƙarfin hasashe, tsallaka titi ka haura ta bayan gine-ginen, ka sauka matakala zuwa ƙauyen Westdean ka shiga dajin Friston. Ranarka ba ta ɓaci ba.

Hawan farko, Haven Brow, shi ne mafi tsauri. Rage tsawon takunka, ka samu saurin da za ka iya magana a cikinsa ba tare da haki ba. Daga nan hawa da sauka ne kamar kilomita huɗu, in ka ƙirga da ƙafarka ma sai ka ga kamar takwas ne ba bakwai ba. Saukar ta fi hawan cin gwiwa. Lanƙwasa gwiwa kaɗan, ka riƙa karkacewa dama da hagu a gangare mai tsauri.

Yanzu maganar bakin gaɓa. Babu shinge a mafi yawan wurin, ciyawa ce shimfiɗe har inda ƙasa ta ƙare. Na je da ɗan yayata, yaro ɗan shekara sha huɗu, yana ta ɗoki. Ya ce, "Kawu, bari in matsa kaɗan ka ɗauke ni, ai ƙasar da ƙarfinta." Ban yi masa faɗa ba. Na ce, "Zo nan tukuna, ɗana." Na kai shi inda gaɓar ta lanƙwasa, inda ake hango tudun gaba ta gefe. Ciyawar da mutane ke tsaye a kai ta fito kamar rumfa, allin da ke ƙarƙashinta ya zube, babu komai sai iska. A bayan ƙafafunsu kuma ga wata siririyar tsaga a ƙasa, tana tafe daidai da bakin. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Har muka sauka Birling Gap yana tafiya ta hannuna na hagu, wajen tudu.

Allin nan tarin ɓawon ƙananan halittun teku ne da suka kwanta tun miliyoyin shekaru, ba shi da tauri. Ruwan sama yana shiga tsagoginsa, sanyi ya daskarar da shi ya buɗa su, teku kuma yana cin gindin. Farin da ke ba ka sha'awa shaidar zubewa ce, da ya daina zubewa da ya yi duhu ya yi ciyawa. Kuma ba sai da guguwa yake faɗuwa ba, rana tsaka gari lafiya lau yakan rufto. Ka bar aƙalla mita biyar tsakaninka da bakin, in da iska ka ninka. Riƙe hannun yaro. In hula ta tashi, bar ta.

A Birling Gap za ka ga abin a fili. Jerin gidajen da ke wurin an yi ta rushe su ɗaya bayan ɗaya yayin da teku ke matsowa, an sauke ɗaya ma a 2014 bayan wani hunturu mai guguwa. Wurin yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi da na karkara, akwai banɗaki, da matakalar ƙarfe mai sauka bakin ruwa. In za ka sauka, sai da jadawalin teku a hannu, kuma kada ka zauna a gindin bangon neman inuwa, abin da ke zubowa daga sama nan yake sauka. Wanda ƙafarsa ta gaza a nan, ya bi hanya zuwa ciki kamar kilomita biyu har ƙauyen East Dean, bas mai lamba 12 tana tsayawa a can. Babu abin kunya a ciki.

Mai sauran ƙarfi ya ci gaba. Zai wuce Belle Tout, tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya, wadda a 1999 aka ɗaga ta ɗungurungum aka ja ta baya mita 17 don kada ta rufta. Daga nan hawa ne a hankali zuwa Beachy Head, mita 162, gaɓar alli mafi tsayi a Birtaniya, da wata hasumiyar mai ja da fari a can ƙasa cikin ruwa, wadda ta fara aiki a 1902. Sai gangara zuwa Eastbourne. Ka sani daga ƙarshen hanyar zuwa tashar jirgi akwai sauran tafiya mai ɗan dama ta bakin ruwan garin, a nan ƙafa take fara ƙorafi. Jirgi zai mayar da kai Brighton cikin ƙasa da awa guda.

Idan wani abu ya faru

Kira 999 ko 112. In a gaɓa ne ko cikin ruwa, ka ce "Coastguard", su ne masu gadin teku, su za su turo jirgin ceto. Faɗi wurin da ka wuce na ƙarshe da inda ka nufa. Idan ruwa ya tare ka, hau wuri mafi tsayi da ka samu, ka kira tun da wuri, kada ka gwada hawan bangon alli, hannu yake biyowa. Idan kare ko wani mutum ya faɗa, kada ka bi shi, ka kira. Tun a gida za ka iya tura kalmar "register" zuwa 999 ta saƙon waya, don ka samu damar neman agaji a rubuce inda sabis bai isa kira ba.

Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a Birtaniya, ɗan gajere mai zanen zigizag a gadon baya. Yakan fito shan hantsi a gefen hanya daga bazara zuwa kaka, kuma gudun mutane yake. Ba shi hanya ya wuce, doka ma ta hana kashe shi. In ya sari wani, kada a ɗaure wurin, kada a tsaga, a zaunar da shi a kira agaji.

Bayan ka dawo

Kafin wanka, duba jikinka saboda kaska, musamman in ka ratsa doguwar ciyawa ko kurmi: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu, da bayan kunnen yara. Wata ba ta wuce girman ɗigon biro ba. In ka same ta, kama ta da hantsaki dab da fata, ka ja sama a hankali ba tare da matse cikinta ba, sannan ka wanke wurin. Kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata mai. Rubuta ranar. Idan cikin makonnin da suka biyo ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka taso, je wurin likita ko ka kira 111, layin neman shawarar lafiya, ka ce kaska ta cije ka, domin wasunsu suna ɗauke da cutar Lyme, wadda ke jin magani idan an tare ta da wuri.

Takalmin kuma ka kankare masa allin tun bai bushe ba, ka cusa masa tsohuwar jarida a ciki, ka ajiye shi nesa da hita ya sha iska da kansa.